Yadda Za Ka Mallaki Na'urar Wasan Bidiyo Ba Tare Da Ta Zame Maka Ɗan Leƙen Asiri A Falo Ba

A ranar 21 ga Mayun 2013 kamfanin Microsoft ya bayyana sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna Xbox One a hedkwatarsa da ke Redmond, ƙasar Amurka, kuma a farkon watan Yuni ya fitar da sharuɗɗan da za su biyo ta. Sharaɗi mafi nauyi shi ne cewa dole na'urar ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowane sa'o'i 24, in ba haka ba wasanni su daina buɗewa, har da wanda mutum yake bugawa shi kaɗai daga faifan da ya saya da guminsa. Faifan ma ba za a iya bai wa aboki shi ba sai sau ɗaya, kuma sai abokin ya yi kwana 30 a jerin abokan mai shi. Sannan ga Kinect, wato kyamara da makirufo da aka ce tilas su kasance a haɗe, kyamarar da take gani a cikin duhu, take bin motsin mutum shida a lokaci guda, take ma iya kintatar bugun zuciya daga fuskar mutum, makirufon kuma yana nan a faɗake yana jiran a ce masa "Xbox On" ko da na'urar tana kashe.

Lokacin bai yi wa kamfanin daɗi ba, domin a cikin wannan mako na farkon Yuni ne jaridu suka fara buga takardun da Edward Snowden, tsohon ɗan kwangilar leƙen asirin Amurka, ya fitar game da shirin PRISM na hukumar leƙen asirin Amurka, kuma sunan Microsoft yana cikin kamfanonin da aka lissafa. Tun kafin wannan, Peter Schaar, kwamishinan kare bayanan jama'a na Jamus, ya riga ya kira na'urar kayan sa ido. Da aka tambayi Don Mattrick, shugaban sashen Xbox, yadda waɗanda ba su da intanet za su yi, sai ya amsa cewa suna da na'urar da ta dace da irin waɗannan mutane, sunanta Xbox 360, wato tsohuwar. Jama'a suka yi masa caa. Kamfanin Sony ya ga dama ta samu, ya sanar a taron baje kolin wasannin bidiyo na E3 cewa PlayStation 4 ba za ta buƙaci wannan leƙe na kullum ba, ba za ta hana sayar da tsohon faifai ba, kuma farashinta dala 399 ne a kan dala 499 na Xbox One. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya lashe amansa a kan batun intanet da faifai, a watan Agusta ya janye tilascin haɗa Kinect, a 2014 ya fara sayar da na'urar ba tare da ita ba, a 2017 kuma ya daina ƙera ta gaba ɗaya.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka magana ta ƙare, alhali yawancin abin da aka ƙi a 2013 ya dawo ta ƙananan ƙofofi, ta hanyar wasannin da ake saukewa, da kuɗin wata-wata, da makirufon da aka dasa a cikin hannun gem, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasa. Bambancin kawai shi ne yanzu an bar wa mai na'ura maɓallan da zai iya rufewa, amma an bar su a buɗe, kuma kamfani ba zai zo ya rufe masa su ba. Sunayen saitunan da za a ambata a ƙasa an bar su yadda suke bayyana a allon talabijin, domin haka mai karatu zai tarar da su, kodayake kamfanoni sukan ɗan sauya musu wuri idan suka sabunta manhaja.

Tun kafin ka biya kuɗi

Shawara ta farko ana yanke ta ne a shago. PlayStation 5 da Xbox na yanzu kowacce tana da iri mai cin faifai da iri marar ci, kuma marar cin faifan ya fi araha, abin da yake jan hankalin mai saye. Sai dai wanda ya sayi Xbox Series S ko tsohon samfurin PlayStation 5 marar faifai ya ɗaure kansa da shagon kamfanin na intanet har iyakar rayuwar na'urar, ba zai ari wasa ba, ba zai sayar da wanda ya gama ba, kuma kowane wasa da ya saya yana rubuce a kan asusunsa. Ga wanda yake zaune inda wuta take ɗaukewa kuma data take tsada, mai cin faifai ta fi, ko da kuwa za a ƙara kuɗi. Amma a sani cewa faifai ma ba ya 'yantar da mutum baki ɗaya: na'urorin Xbox suna buƙatar intanet a ranar da aka fara kunna su, sabon samfurin PlayStation 5 da ya fito a ƙarshen 2023 yana buƙatar intanet sau ɗaya kafin ya karɓi mazubin faifan da ake jona masa, wasu katunan Nintendo Switch 2 kuma ba wasan ne a cikinsu ba, mabuɗi ne kawai na sauko da shi. A karanta bayan kwalin wasa kafin a saya, domin a nan ake rubuta ko yana buƙatar intanet.

Akwai kuma wasannin da ba su motsi sai da sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa da wasan yake haɗuwa da ita ta intanet. Gran Turismo 7 ya tsaya cik fiye da sa'o'i 30 a watan Maris na 2022 saboda gyaran saba, kuma a ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe sabar The Crew, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saye shi, har da masu faifai. Irin wannan wasa haya ce ko da an kira ta saye, kuma da farashin haya ya kamata a auna ta.

Da yawa daga cikin na'urorin da ake samu a kasuwanninmu na hannu ne, kuma sau da yawa mai sayarwa yakan yi alfahari da cewa ya loda wasanni goma ko ashirin a ciki. Waɗannan wasanni suna zaune ne a kan asusun wani mutum da mai saye bai sani ba, kuma ranar da mai asusun ya sauya kalmar sirri ko ya cire na'urar daga jerinsa, wasannin za su kulle. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai saye ya ci gaba da amfani da asusun, yana aika saƙonni da ƙara abokai, wani lokaci har da sanya katin banki, a wurin da wani yake riƙe da mabuɗinsa. Wanda ya sayi ta hannu ya goge ta ta koma yadda ta fito daga masana'anta, ya buɗe nasa asusun, ya kuma lissafa wasannin da aka loda a matsayin abin da ba nasa ba tun wajen ciniki.

Buɗe asusu

A ware adireshin imel na musamman domin na'urar, kada a yi amfani da wanda ake hulɗar banki ko aiki da shi. Wannan ya fi muhimmanci a kan Xbox, domin asusun Microsoft guda ɗaya ne yake buɗe imel na Outlook da ma'ajiyar fayiloli ta OneDrive da kwamfutar da take amfani da Windows, don haka wanda ya sace shi ta hanyar wasa ya samu hanyar shiga takardun mutum. Sunan da za a yi wasa da shi kada ya ƙunshi sunan yanka, ko shekarar haihuwa, ko sunan unguwa, tunda shi ne duk wanda aka haɗu da shi a fili zai gani.

Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ake iya zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutane suke zaɓar Amurka ko Birtaniya. Wanda zai yi haka ya sani cewa ba a sauya ƙasar asusu bayan an buɗe shi, katin kuɗin da zai saya dole ya zama na ƙasar da ya zaɓa, kuma idan asusun ya ɓace, karɓo shi yana da wuya ga wanda bai tuna bayanan da ya cika ba. A rubuta su a takarda a adana, tare da rasiɗin sayayyar farko da lambar jikin na'urar, domin irin waɗannan ne ma'aikatan kamfani suke tambaya.

Bayan haka a kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma a fifita manhajar da take fitar da lambobi a kan saƙon waya, saboda layin waya yana iya ɓacewa ko wani ya sace shi ta hanyar mayar da lambar kan sabon sim. Lambobin ajiya da ake bayarwa a lokacin a kwafe su a takarda. Dalilin wannan taka-tsantsan ba zato ba ne. A watan Afrilun 2011 aka kutsa cikin PlayStation Network, wato hanyar intanet ta na'urorin Sony, aka taɓa bayanan asusu kusan miliyan 77, aka rufe hanyar tsawon kwana 23, daga baya hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci Sony tarar fam 250,000. A 2020 Nintendo ya amsa cewa an shiga asusun mutane kusan 300,000 ta wata tsohuwar hanyar shiga. Saboda haka ya fi kyau a riƙa sayen katin kuɗi na shagon na'urar ana zubawa gwargwadon buƙata, maimakon a bar katin banki a ajiye a ciki, kuma idan ya zama dole a ajiye shi, a kunna saitin da yake neman kalmar sirri kafin kowace sayayya.

Kunne da ido

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne abin da ya tayar da hankali a 2013 ya fi dawowa a ɓoye. Kinect ta tafi, amma hannun gem na PlayStation 5, wato DualSense, yana ɗauke da makirufo a jikinsa, kuma yadda na'urar take fitowa daga kwali, makirufon yana buɗe da zarar mutum ya shiga asusunsa. Mutane da yawa sun shiga wasan tarayya ba su san cewa baƙi suna jin hirar da ake yi a falo ba, daga kukan yaro har zancen da maigida yake yi a waya. Akwai ƙaramin maɓalli a ƙasan tambarin PS, idan aka danna shi ya yi hasken ruwan lemo, makirufon ya rufe. Amma dogaro da tunawa a kowane lokaci ba dabara ba ce. A shiga "Settings", a je "Sound", a zaɓi "Microphone", sannan a mayar da "Microphone Status When Logged In" zuwa "Mute", ta yadda zai riƙa farawa a rufe sai an buɗe shi da gangan. Masu asusun Amurka ko Birtaniya su kuma duba "Voice Command", su tabbatar na'urar ba ta zaune tana jiran a kira ta da "Hey PlayStation" ba.

Hannun Xbox ba shi da makirufo, sai an soka abin kunne mai makirufo, don haka cire shi idan an gama ya wadatar. Wanda yake da tsohuwar Xbox One mai Kinect ya zare wayarta daga baya, na'urar za ta yi aiki lafiya. Nintendo Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 tana da makirufo a jikinta domin hirar GameChat, ana kuma sayar mata da kyamara daban. Kyamara kowace iri ce, a cire ta idan ba a amfani da ita, kada a bar ta tana fuskantar wurin zaman iyali, musamman a gidan da mata suke sakewa a falo.

Wani zai ce ai na'ura ce take saurare ba mutum ba. A watan Agustan 2019 kafar Motherboard ta ruwaito daga bakin 'yan kwangilar Microsoft cewa sun riƙa sauraron muryoyin da Xbox ta naɗa domin inganta fahimtar umarni, cewa wasu an naɗe su ne bisa kuskure ba tare da an kira na'urar ba, kuma da yawa muryoyin yara ne. A kan PlayStation 5 akwai saiti mai suna "Voice Data Collection" a ƙarƙashin "Privacy", a mayar da shi zuwa ƙin yarda. Sai dai akwai abin da saiti ba ya hanawa: duk wanda yake cikin hirar murya tare da kai yana iya yanko gajeren sashe na abin da ka faɗa ya tura wa kamfani a matsayin ƙara, daƙiƙa 40 a kan PlayStation 5, daƙiƙa 60 a kan Xbox. An yi wannan ne domin maganin masu zagi da cin zarafi, kuma a ganina manufar tana da kyau, amma ma'anarta ita ce hirar wasa ba wurin faɗin asiri ba ce, ko da kuwa da aminai ake yin ta.

Bayanan da ake kwasa a natse

Na'urar da take haɗe da intanet tana aika rahoton wasan da aka buga, da lokacin da aka fara, da tsawon zaman, da abin da aka duba a shago. Ba a iya tsayar da wannan gaba ɗaya, amma ana iya rage shi. A kan PlayStation 5 a je "Users and Accounts", sannan "Privacy", a mayar da "Data You Provide" zuwa "Limited", a kuma kashe zaɓuɓɓukan "Personalization" waɗanda suke tsara talla bisa ɗabi'ar mutum. A kan Xbox hanyar ita ce "Account", sannan "Privacy & online safety", inda ake ƙin bayar da bayanan da ba tilas ba. A waɗannan wurare ne kuma ake zaɓar wanda zai ga sunan mutum na gaskiya, da jerin abokansa, da ko yana kan layi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda yake ganin lokutan da kake kunna na'ura kullum ya san lokacin da kake gida da lokacin da ba ka nan. A taƙaita duka zuwa abokai kawai, saƙonni daga baƙi kuma a rufe su.

Kamfanonin da suke yin wasanni, irin su EA da Activision da Epic, suna da nasu asusun daban da nasu sharuɗɗan, kuma gyaran da aka yi a na'ura bai shafe su ba. Idan wasa ya nemi a haɗa asusu kuma ya ba da damar tsallakewa, a tsallake.

Shirya ta domin ranar da babu intanet

Wasan da aka sauke yana buƙatar na'urar ta tabbatar cewa mai shi ne yake bugawa, kuma hanyar kauce wa tambayar saba a kowane lokaci ita ce a ayyana na'urar a matsayin ta gida. A kan PlayStation 5 sunan saitin "Console Sharing and Offline Play", yana ƙarƙashin "Users and Accounts" a sashen "Other", kuma na'ura ɗaya kawai ake iya kunna wa shi a kowane asusu. A kan Xbox sunansa "My home Xbox", ana kuma iya sauya shi sau biyar ne kawai a shekara. Dole a yi wannan tun ana da intanet, a kuma buɗe kowane sabon wasa sau ɗaya domin ya gama sauke gyare-gyarensa. Bayan nan ana iya zaɓar "Go offline" a saitin sadarwar Xbox, ko a kashe haɗin intanet a PlayStation, a yi wasa ba tare da wani rahoto yana fita a lokacin ba. Wasannin da aka samu ta tsarin biyan wata-wata na PlayStation Plus ko Game Pass su kam sukan nemi a leƙa intanet lokaci-lokaci domin a tabbatar ana biyan kuɗin wata.

Yanayin barci, wanda na'urar take kamar a kashe alhali tana saukar da abubuwa, yana cinye data ba tare da sanin mai ita ba, kuma ɗaukewar wuta a cikinsa tana iya lalata abin da aka adana. A kashe "Stay Connected to the Internet" a saitin wutar PlayStation 5, a zaɓi "Shutdown" maimakon "Sleep" a kan Xbox.

Idan yara ne za su yi wasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wa yaro shekaru domin a guje wa dogon cike-cike, ko a miƙa masa asusun babba. Yin haka yana cire duk kariyar da doka ta tilasta wa kamfanoni, kariyar da ba da son ransu suka bayar ba. A watan Disamban 2022 kamfanin Epic, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta zarge shi da tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da barin hirar murya a buɗe ga yara tun daga farko, da kuma tsara maɓallan saye ta yadda ake kashe kuɗi bisa kuskure. A watan Yunin 2023 Microsoft ya biya dala miliyan 20 kan karɓar bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 a Xbox kafin iyayensu su amince, da kuma riƙe bayanan tsawon shekaru.

Uba ko uwa su buɗe asusun kansu a matsayin shugaban iyali, su buɗe wa yaro nasa a ƙarƙashinsa da shekarunsa na gaskiya, su rufe hira da baƙi, su sanya iyakar kashe kuɗi a sifili, su kuma kulle asusun babba da lambar sirri domin kada yaron ya koma can. Xbox da Nintendo suna da manhajojin waya da iyaye suke ganin tsawon lokacin wasa da su, suna kuma karɓa ko ƙin buƙatun yaro daga nesa. Ita ma na'urar ta fi dacewa da falo a kan ɗakin kwanan yaro.

Shagon gem, aro da sayarwa

Wanda yake zuwa shagon gem ya guji shiga asusunsa a na'urar shago, in kuma ya zama dole, ya shiga a matsayin baƙo idan PlayStation ce, domin a wannan yanayi na'urar tana goge bayanansa idan ya fita. Mai shago shi ma ya ware asusun da ba shi da katin banki, ya rufe makirufon kowane hannu, tunda masu wasa suna ta hira ba su san ana iya jin su a wata ƙasa ba.

Ranar da za a sayar da na'ura ko a bayar da ita kyauta, a fara cire ta daga matsayin na'urar gida, a cire katin banki, a soke biyan wata-wata idan ba za a ci gaba ba, sannan a goge ta gaba ɗaya ta "Reset Your Console" a PlayStation 5 ko "Reset and remove everything" a Xbox. Idan kuwa sace ta aka yi, ko ta lalace kafin a samu damar gogewa, a shiga asusun ta waya ko kwamfuta nan take, a sauya kalmar sirri, a zaɓi fita daga dukkan na'urori. Sony yana ba da damar cire dukkan na'urori daga asusu ta shafinsa, amma sau ɗaya kawai cikin wata shida, don haka a tabbatar an sauya kalmar sirrin kafin a taɓa wannan maɓalli, in ba haka ba wanda yake riƙe da na'urar zai sake shiga ya mayar da ita tasa.